Kiran Intanet a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Riba Ce ko Wahala?

Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, magidanta suka shiga lissafi: a ci gaba da sa kati, ko a sayi data a riƙa kira ta WhatsApp? A birnin Kano amsar ba ta da wuya. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa, sai an yi nazari.

Idan ka kira ta intanet, wayarka tana daddatsa muryarka ƙanana-ƙanana, ta tura su bi da bi, wayar wancan ɓangaren ta harhaɗa su. Minti ɗaya na murya bai cika cin megabayit ɗaya ba, bidiyo ne mai haɗiyar data. Kuma nisa ba ya ƙara kuɗi. Skype ne ya yaɗa wannan hanya daga 2003 kafin Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025, amma a wurinmu sai da WhatsApp ya kawo kira a 2015 abin ya shiga gidaje.

Ribarsa a fili take ga gidan da ke da ɗa a nesa. Uwar da ɗanta ke ci-rani a Legas, ko matar da mijinta ke neman kuɗi a Saudiyya, za ta yi hirar rabin awa da abin da bai kai kuɗin 'yan mintoci na kiran ƙasar waje ba. Uwar ta ga fuskar jikanta ranar suna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga dalilin raina shi ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Dole ɓangarorin biyu su mallaki babbar waya, su kuma kasance da data a lokaci guda. Babbar waya ba ta riƙe caji kamar ƙarama, ga wuta ba ta tsayawa, don haka kuɗin mai cajin waya ma ya shiga lissafi. Babban sharaɗin shi ne sabis. Inda 2G kaɗai ke kamawa, guntayen muryar nan suna makara ko su ɓace a hanya. Shi ya sa za ka ga dattijuwa a ƙofar gida ta ɗaga waya sama, ɗanta yana ta "Inna, kina ji na?", amsarta ba ta isa gare shi sai ya riga ya sake tambaya. Kiran kati kuwa yakan wuce ko da sabis ya rage sanda ɗaya.

A wannan yanki batun ya wuce na araha. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da waɗannan ukun. Kira da data tare suka ɗauke, domin turke ɗaya ke ɗauke da su. Mai tunanin intanet wata hanya ce daban da za ta tsira idan layi ya mutu, ya tuna wannan lokacin. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam da ya shigo Najeriya a 2023, ba ya buƙatar turken, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata da wutar da yake so sun fi ƙarfin yawancin gidaje.

Ga kuma daren da ba a fata. WhatsApp ba ya kiran lambar gaggawa ta 112, kuma ba ya shiga wayar da aka kashe wa data don tattali. Idan an ji motsi a bayan gari, mai unguwa da maƙwabci da jami'an sa-kai na jiha, waɗanda Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, kiran kati ne zai tashe su.

A ganina, abin da ya fi amfanar gidajen karkara a cikin WhatsApp shi ne saƙon murya. Ba ya buƙatar iya karatu, ba ya buƙatar ku haɗu a lokaci ɗaya, idan sabis ya ɗauke zai jira ya dawo sannan ya tafi. A ajiye doguwar hira da bidiyo sai an shigo cikin gari ranar kasuwa, ƙaramar waya kuma ta kwana da caji da ɗan kati a ciki.