Shin Ko Kun San? Wayar Hannu Da Tiyatar Zuciya

Shin ko kun san idan jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini suka toshe, likitoci kan ciro wata jijiyar daga jikin majinyacin su yi wa jini sabuwar hanya? Ɗaya daga inda ake cirowa shi ne hannu: jijiyar nan ta ɓangaren babban yatsa da ake taɓawa a ji bugun zuciya. Alain Carpentier na Faransa ne ya fara amfani da ita a farkon shekarun 1970.

To, hannun fa? Jijiyoyi biyu ne ke kai masa jini, kuma suna haɗuwa a tafi. In an cire ɗaya, dole ta ɓangaren ƙaramin yatsa ta ɗauki nauyin duka. Ba a kowa take iyawa ba, shi ya sa sai an gwada tukuna.

Shin ko kun san gwajin da aka saba yi ya samo asali tun 1929, daga Dokta Edgar Allen na asibitin Mayo a Amurka? Majinyaci ya dunƙule hannu, likita ya danne jijiyoyin biyu har tafin ya ɗashe, sannan ya saki ɗaya yana ƙirga daƙiƙoƙi kafin launi ya dawo. Ido ne alƙali a nan, idon wani kuwa ba na wani ba ne.

Nan waya ta shigo. A ɗora yatsa kan kyamara, fitilar wayar ta haska fata, manhajar auna bugun zuciya ta karanta yadda hasken ke sauyawa duk sa'ad da jini ya wuce. A danne jijiyar babban yatsa. In bugun ya ci gaba da fitowa a allo, ɗayar na aiki.

A 2018 masu bincike a Cibiyar Zuciya ta Jami'ar Ottawa a Kanada sun wallafa sakamakon kwatanta hanyoyin biyu a kan mutum 438, da wayar iPhone. Wayar ta dace fiye da kashi 90 cikin 100, tsohon gwajin kuwa kashi 80 da 'yan kai. Wannan ya faranta mini rai, domin na'urar duban ɗan tayi mai leƙa jijiya ba kowane asibiti ke da ita a kusa ba, waya kuwa tana aljihun likita.

Sai dai ba a ƙera manhajar a matsayin kayan asibiti ba, kuma hukuncin cire jijiya na likitan tiyata ne.