Gidan Hajiya Gambo Ba a Rufe Ƙofarsa

Akwai wata amsa da muka saba bayarwa idan aka kawo mana kukan wani mabukaci a unguwa, watau mu ce ai mu ma ta kanmu muke yi, a bari sai Allah ya hore. Ba ƙarya muka yi ba, kowane gida da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. To, amma wannan mako ina so mu dubi wata mace wadda ita ba ta tsaya jiran horewar nan ba. Ita ce marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Garin Zariya.

An haife ta a 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa domin ta biyo bayan tagwaye ne. Mahaifinta mutumin Gana ne da aikin reluwe ya kawo shi ƙasar nan, mahaifiyarta kuma Banufiya ce. Tana da shekara 10 uban ya rasu, bayan shekara uku uwar ta bi shi, karatun da ta soma a makarantar En'e ta Tudun Wada a nan ya tsaya. Tana 'yar shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja, wanda ya sa ƙafa ya fita ya bar ta da ciki, bai sake waiwayo ta ba. Sauran aure-auren da ta yi daga baya su ma ba su yi ƙarko ba, kuma 'ya guda ɗaya tak Allah ya ba ta.

Yawancinmu ta wajen siyasa muka san ta, don haka ba sai na tsawaita ba. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano cikin 1950 ta shiga tana da shekara 17, ta zama shugabar mata a Sabon Gari, a nan kuma ta samo sunan Sawaba. Abin da take kira a kai shi ne a sa 'ya'ya mata makaranta, a daina aurar da su da ƙuruciya, a kuma bar mata su jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai 1976. A kan wannan aka ɗaure ta har sau 16, aka kore ta daga Kano, 'yan banga suka yi mata dukan da ya bar mata ciwo a jiki har ƙarshen ranta.

To, ku dubi wannan mata, marainiya, ba miji tsayayye, ba ilimi mai zurfi, yau tana gida gobe tana gidan yari. Idan da akwai wadda ta cancanci ta ce ta kanta take yi, ai ita ce. Amma gidanta ne ya zama matattarar marasa gata. Tun tana yarinya an san ta da shiga faɗan da ba nata ba, in ta ga an fi ƙarfin wani yaro sai ta karɓe masa. An kuma san ta da jan masu taɓin hankali a jiki, mutanen da yara ke jifa manya na kauce musu. Takan zauna ta yi hira da su, ta ba su abinci da sutura. Da ta girma halin bai canja ba, sai ma ƙaruwa. Marayu da yaran da aka yar, da waɗanda iyayensu suka kasa, ta kwaso su ta riƙe kamar ita ta haife su, har suka kai gommai.

Mu mata mun san abin da riƙon ɗan wani yake nufi, ba kamar sadakar da za ki miƙa a bakin zaure ki koma ɗaki ba ce. Kokon safe ne kullum, da sabulun wanki, da kuɗin makaranta, da zazzaɓin tsakar dare, ga kuma gorin mutane idan yaron ya yi laifi a waje. Wadda ta riƙe ɗaya ma ta san yadda ta ji, balle tsakar gida cike. Ni a ganina maraicin da ta ɗanɗana tun tana ƙarama shi ne ya hana ta iya kau da kai. Ta san yadda yaro yake ji idan ana rabon tuwo ba wanda ya kira sunansa.

Ba na ce ba ta da nata aibin ba. Mace ce mai zafi, ba ta tauna magana, kuma a zamaninta akwai gidaje da yawa da ba a so a ji mace ta ambace ta. Sai dai ko waɗanda suka ƙi siyasarta ba su yi musun kyautarta ba, domin abin da ya shigo hannunta ba ya kwana.

Ta bar siyasa a 1998, Allah ya yi mata rasuwa a Zariya cikin watan Oktoba na 2001. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Bayero ta Kano, haka kuma babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a Zariya. Matan birni da na ƙauyukan kewaye masu zuwa awo da haihuwa, in sun tare abin hawa, ce masa suke yi ya kai su Gambo Sawaba.