Duffel: Garin da ya ba rigar sanyi sunansa

Duk Bahaushen da hunturu ya riska a Landan ya san irin kwat ɗin nan mai kauri na gashin tumaki, mai hula a haɗe, wanda Turawan Ingila ke kira duffel. Sai dai kalmar ba ta Ingilishi ba ce. Sunan wani ƙaramin gari ne a ƙasar Beljiyam, a bakin kogin Nete, kudu da birnin Antwerp.

Masaƙan garin sun yi suna wajen saƙa wani yadi mai kaushi, mai hana iska ratsawa. Tun cikin ƙarni na 17 fatake ke kai shi Ingila da Amurka ta Arewa, suna kiransa da sunan inda ya fito, kamar yadda mata a kasuwar Kwari ta Kano kan ce Holan ko Ingila, kowa kuma ya san atamfa suke nufi.

Yadin ne na Duffel. Ɗinkin rigar kuwa aikin Birtaniya ne, kuma rundunar sojan ruwanta ce ta yaɗa shi a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Komai na jikin rigar da dalilinsa. An faɗaɗa hular don ta rufe hular soja. Maimakon maɓalli, sai aka sa guntayen itace ko ƙaho da madaukan igiya, domin sojan da ke gadi a kan jirgi, hannunsa cikin safa mai kauri, ya iya ɗaurawa ba tare da ya cire safar ba.

Da yaƙi ya ƙare, rarar rigunan soja ta cika kasuwa da araha, ɗalibai suka yi rububinsu. Kamfanin Gloverall ya fara ne da sayar da irin wannan rara a farkon shekarun 1950, kafin ya koma ɗinka nasa.

Ba ko'ina sunan garin ya yi galaba ba. Kwamandan sojan Birtaniya Bernard Montgomery ya yawaita sa rigar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har ta zama alamarsa. Shi ya sa idan mutum ya shiga kanti a Italiya, montgomery zai tambaya kafin a gane rigar da yake nema.