Wasan "Wane Tsuntsu Ne?"

Ina so in bayyana wa 'yan'uwana malamai wani wasa da na gwada sa'ad da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata makaranta a Sabo, watau unguwar Hausawa ta Ibadan. An kafa unguwar nan tun 1916, saboda fataucin goro da shanu. Yawancin yaran ajina a can aka haife su, wasunsu ma ba su taɓa zuwa Arewa ba. Sunayen tsuntsaye kuwa suna bakinsu, gama suna jin su cikin tatsuniya, amma in ka nuna musu hoton gauraka sai su yi tsuru-tsuru. Suna ba tsuntsu ai bai daɗewa a kan yaro.

Ga yadda ake yi. Malami ya samo hotunan tsuntsaye, ko ya zana da kansa, ya liƙa kowanne a kwali. Sa'an nan ya rufe hoton da takarda mai 'yar taga, yadda baki kaɗai zai fito, ko ƙafa, ko wutsiya. A raba aji biyu. Wanda ya faɗi sunan ya ci maki ɗaya, wanda ya faɗi dalili ya ci biyu.

Dalilin nan shi ne ainihin darasin. Baki yana gaya maka abincin tsuntsu: lanƙwasasshe mai kaifi na mai yagar nama ne, kamar shirwa, dogo mai tsini kamar mashi na mai kamun kifi ne, kamar zalɓe, gajere mai kauri na mai fasa hatsi ne. Ƙafa kuma tana nuna inda yake zama. Yatsun agwagwa a haɗe suke da fata domin iyo. Na aku, biyu gaba biyu baya, don riƙe reshe. Wutsiyar shirwa tana da gibi a tsakiya, da ita ake gane ta ko tana can sama.

Na yi kuskure a rana ta fari. Na nuna dogayen ƙafafu kaɗai, rabin aji suka ce balbela, rabi suka ce zalɓe, aka yi ta gardama har aka buga ƙararrawa. Laifina ne. Tilas abin da ya leƙo ta taga ya zama alamar da ta raba tsuntsun da sauran, kamar farin ƙirjin hankaka ko jar wutsiyar aku.

Hankaka da balbela ba su ba yaran wuya ba, kullum suna ganinsu. Shirwa ma sun san ta, don da rani take yawa a Ibadan. Shamuwa ce ta kayar da su duka. Wata yarinya ta ce, "Malam, wannan a bakin kakata nake jin ta." Gaskiyarta. Shamuwa a Arewa take sheƙa, zuwanta ke shaida wa manomi damina ta kusa. Ungulu ma kaɗan suka gane, ba mamaki, gama ta yi ƙaranci ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Kwali biyu na ajiye don ƙarshe. Na ɗaya fiffiken jemage ne, irin waɗanda ke cika itatuwan Agodi. Duk suka faɗa tarko, sai na nuna musu ba shi da gashin tsuntsu, haihuwa yake yi, yana shayarwa. Na biyu wani ɗan tsuntsu ne baƙi da ja, dangin masu saƙa sheƙa, wanda wani Bature, Elgood, malamin jami'ar Ibadan, ya bayyana a 1958, aka sa masa sunan garin. Wannan ban ba da maki a kansa ba. Na ce su tambayo abokansu Yarabawa ko sun san shi, su kuma tambayo kakanninsu sunayen tsuntsu uku-uku kafin Litinin.