Famfon Mai a Tsofaffin Injinan Ruwa: Gyara Ko Canji?

Jihar Kano ba ta da teku, amma tana da manyan madatsun ruwa. An kammala madatsar Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuwa da ke Ƙaraye a 1992, ga kuma ta Watari a Ɓagwai. A kan waɗannan ruwaye masunta da masu fito suna amfani da kwale-kwale, wasu na sanda, wasu masu inji. Idan injin ya tsufa ya fara shaƙewa, sau da yawa akan ɗauko shi zuwa birni, wurin makanikan da suka goge da gyaran janareta da injin ban-ruwa a kewayen masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Shawarar da mai inji ya fi ji ita ce a cire tsohon famfon mai a sa wanda ya fi shi ƙarfi, ko da na mota ne. Wannan shawara tana da daɗin ji, amma ilimin kimiyya ya nuna cewa akwai haɗari a cikinta.

Asalin Wannan Famfo

Irin famfon da ke jikin injin kwale-kwale shi ne a jikin tsohon babur ɗin ruwa, wato ɗan ƙaramin jirgin nan na mutum ɗaya ko biyu da aka fi gani a gaɓar tekun Legas. Kamfanin Bombardier na ƙasar Kanada ya fito da Sea-Doo a 1968, Kawasaki na Japan kuma ya shigar da Jet Ski kasuwa a 1973. Har zuwa shekarar 2002, lokacin da masu inji mai bugu huɗu suka shigo kasuwa, baburan ruwa inji mai bugu biyu suke ɗauke da shi, irin na ƙaramar janareta wadda ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai. Saboda haka duk abin da aka faɗa game da famfon ɗayansu ya shafi ɗayan.

Yadda Yake Aiki

Wannan famfo ba ya amfani da batir ko waya. Numfashin injin ne yake tuƙa shi. A inji mai bugu biyu, duk lokacin da fistan ya yi sama sai iskar da ke cikin akwatin karanshaf ta ragu, idan ya sauko kuma sai ta matsu. Akwai ɗan tiyo ko wata 'yar ƙofa da ke kai wannan numfashi zuwa bayan wani siririn tantani na roba, wanda makanikai ke kira dayafaram. Tantanin yana lotsawa yana kumbura kamar zugazugin maƙeri. Idan ya lotsa sai ya zuƙo fetur daga tanki ta wani bawul da ba ya barin mai ya koma baya. Idan ya kumbura sai ya tura shi ta bawul na biyu zuwa kabureta.

Hikimar wannan tsari ta kasu kashi biyu. Da farko, gudun famfon yana bin gudun inji. Injin da ke juyawa sau 5,000 a minti ɗaya yana kaɗa tantanin fiye da sau 80 a daƙiƙa ɗaya, da haka ne inji mai ƙarfin doki 40 ke samun kusan lita 20 da yake sha a awa guda idan an buɗe masa wuta duka. Na biyu, da zarar inji ya mutu, famfon ma ya tsaya, ba sauran man da zai ci gaba da kwarara.

Abin da Ke Tsofar da Shi

Roba ba ta jimrin zafi da daɗewa. Zafin bazara a Kano, wanda kan kai digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da tantanin har ya ƙage ko ya tsage. Fetur ɗin da ya yi watanni a cikin famfo yakan bar wani danƙo da ke liƙe bawul. Bugu da ƙari, sinadaran etanol da metanol suna cin tsohuwar roba, suna kuma jawo ruwa cikin tanki. 'Yan Nijeriya sun ga misalin haka a watan Fabrairun 2022, lokacin da hukumomi suka bayyana cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka dawo gidajen mai.

Raunin famfo ya fi illa ga inji mai bugu biyu, domin a yawancin injinan kwale-kwale baƙin man da ke tsare fistan daga gogayya cikin fetur yake tafiya, galibi kashi 1 cikin 50. Idan fetur ya ragu, baƙin mai ya ragu, ga shi kuma cakuɗen da iska ta yi wa yawa ya fi zafi wajen ƙonewa. Ƙarshenta fistan ya kumbura ya cije a cikin silinda. Wato ke nan, robar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba tana iya kashe inji sukutum.

Matsalar Famfon Mota

Mai karatu ya san ma'aunin da masu faci ke duba iskar taya da shi, inda tayar ƙaramar mota ke ɗaukar kimanin 30 zuwa 35. A kan wannan ma'auni, famfon tantani yana tura mai da ƙarfin da bai wuce 3 zuwa 6 ba. Famfon lantarki na motocin zamani kuwa yakan kai 40 ko fiye. Allurar da ke toshe ƙofar mai a cikin kabureta ba a ƙera ta don irin wannan ƙarfi ba. Sai ta buɗe, mai ya cika silinda, fulogi ya jiƙe, sauran ya tsiyaye waje.

Tsiyayar nan ita ce babbar musiba. Tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu. A mota yakan sauka ƙasa iska ta kwashe shi, amma a jirgin ruwa babu ƙofa ta ƙasa, don haka sai ya taru a cikin ƙwaryar jirgin. Idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya daga sakakkiyar waya ya isa ya tayar da gobara. Daɗin daɗawa, famfon lantarki da aka haɗa kai tsaye da batir ba ya tsayawa don inji ya mutu, ko da jirgin ya kife.

Ingantawa ta Gaskiya

Kafin a ɗora wa famfo laifi, ya kamata a duba abubuwa uku: ƙofar shan iska ta tanki, matatar mai, da tiyon da ya tsage yana zuƙo iska. Idan inji yana shaƙewa amma ya farfaɗo da an matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyon mai, to famfon ya yi rauni ko iska na shiga. Idan kuwa aka tarar da fetur a hanyar numfashin da ke bayan tantani, babu shakka tantanin ya huje.

Daga nan sai a sake tantani da bawul da gasket gaba ɗaya, da waɗanda aka ƙera don jure wa etanol. A sake tiyon mai duka, domin tsoho yakan marmashe ta ciki alhali wajensa lafiya lau. Tiyon numfashi ya zama gajere mai tauri, don mai laushi yana shanye bugun kafin ya isa. A ƙara matata mai raba ruwa da fetur tsakanin tanki da famfo. Idan an ƙara wa inji girma har yana buƙatar mai fiye da da, sai a nemi famfon tantani mafi faɗi, irin waɗanda kamfanin Mikuni ke ƙerawa. In kuwa dole sai na lantarki, to ya zama na jirgin ruwa, mai ƙarancin ƙarfi, wanda ba ya fitar da tartsatsi, a kuma haɗa shi ta yadda zai mutu tare da inji. Mai babur ɗin ruwa ya riƙa ɗaga kujera ya sha wa inji iska kafin ya tayar.

Kammalawa

Motar da ta mutu a hanyar Zariya, direbanta zai gangara gefen titi ya jira taimako. Kwale-kwalen da injinsa ya mutu a tsakiyar Tiga ana iskar hadari ba shi da gefen da zai raɓa. Hatsarin da ya auku a madatsar Watari ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wanda aka danganta da lodi fiye da ƙima, ya ci rayuka fiye da 20, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ya kuma tuna wa jama'a cewa kuskure a kan ruwa ba ya ba da damar gyara. Don haka famfon da ya dace da inji shi ne wanda ya yi daidai da numfashinsa, kuma makanikin da ya ƙi ɗaura famfon mota a kwale-kwale ya tsare dukiyar mai jirgi da rayukan waɗanda zai ɗauka.