Sabulun gida da fuskar da ba ta son wahala

Bayan girbi a Mada da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, karan dawa da na gero ba sa zama shara. Daga tokar irin wannan kara ake tace ruwan toka, a dafa shi da man gyaɗa, man kaɗanya ko kitse, ana tuƙawa har ya yi kauri ya yi baƙi. Sabulun salo ke nan. Mutane da yawa sun ɗauka tunda na gida ne, ba zai cutar da fuska ba. Ni kuwa ina ganin awo ne ke sa sabulu ya yi laushi, ba inda aka dafa shi ba.

Fatar mutum tana da ɗan tsami, kusan 5.5 a ma'aunin pH, sabulu kuwa yakan kai 9 ko 10. Idan ruwan toka ko soda ya rinjayi mai, abin da ya yi saura bai haɗu da man ba shi ke cin fuska: ta yi raɗaɗi, ta ɗaure, ta fara saɓa a gefen hanci. Shi ya sa mai haɗa sabulun soda ya kamata ta auna da sikeli, ta bar mai ya ɗan fi yawa, kuma ta ajiye sabulun mako 4 zuwa 6 kafin a taɓa shi.

Za a ce ai kakanninmu da salo suka yi wanka, fatarsu sumul. Gaskiya ne, amma hannun da ya shekara yana dafawa ya san lokacin da tukunya ta nuna, kuma suna bin wanka da man kaɗanya. Ba su kuma cusa wa sabulun lemun tsami da mayukan bilicin ba, irin haɗin da ake tallatawa yau, wanda wani har da sinadarin hydroquinone a ciki. Wannan ne ya fi damuna, domin 'yan mata ne ke saye.

Mai fatar da ba ta son wahala ta fara gwada sabon sabulu a cikin damtse, ta jira kwana biyu. In bai yi ƙaiƙayi ba, ta murza kumfa a tafin hannu, ba soso, ta ɗauraye da ruwa mai ɗumi kaɗan, ta shafa mai tun fuskar na da danshi. Da hunturu, sau ɗaya da dare ya isa.