Sayen gidan haya daga nesa: ko ya cancanci a biya masani ya duba tukuna?

Kusan kullum sai ka ga tallan gida a WhatsApp ko Facebook: fenti sabo, ƙofar ƙarfe, bidiyon minti biyu, ga dillali yana rantsuwa cewa masu haya har sun fara layi. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa tallan ba sa ƙasar. Suna Abijan, Kotonu, Faransa ko Amurka, sun tara kuɗi da gumi, suna neman abin da zai riƙa kawo musu wani abu duk ƙarshen wata.

Mazauna Turai da Amurka sun san yadda ake yi a can. A Faransa doka ta tilasta wa mai sayarwa ya kawo takardun binciken gidan. A Amurka kuwa mai saye ne ke ɗauko ƙwararre ya biya shi kafin a kammala ciniki. A nan gida, ƙane ko aboki ake aikawa ya leƙa, ya dawo ya ce "gida ya yi".

Abin da idon ƙane ba ya gani shi ne mai cin kuɗi. Akwai gidajen laka da aka shafe da siminti, ana nema musu farashin ginin bulo zalla. Akwai bulon da aka yi wa rowar siminti, ka kankare shi da ƙusa ya zube kamar gari. Injiniyan gini ko tsohon magini zai hau rufi ya ga inda ruwa ke kwanciya, ya bambance tsagewar shafe da tsagewar da ta taso daga tushe, ya duba ramin salga da wayoyin lantarki. Danshin da ke hawa bango daga ƙasa kuwa, fenti na ɓoye shi wata biyu ko uku ne kawai.

Sai maganar ruwa. A watan Satumban 2020 kogin Kwara ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya fasa shinge, ya shiga unguwanni irin su Lamorde, Kirkisoye da Saga. A daminar 2024 gidaje sun rushe a Maraɗi, tsohon masallacin Damagaram ma ya faɗi. Gidan da aka gina a kwari ko a hanyar ruwa, a watan Maris ba ka raba shi da na tudu. Don haka masanin kirki ba ya tsayawa a cikin gida. Zai zaga unguwa, ya nemi alamar ruwa a katangun maƙwabta, ya tambaye su inda ya tsaya bara.

A yi lissafi. A ce ka sayi gida miliyan 20 na sefa, kana sa ran haya jika 100 a wata. Idan gyaran rufi da ramin salga ya ci miliyan 2, hayar wata 20 ke nan ta tafi, ban da watannin da gidan zai zauna ba kowa. Ladan masani na yini ɗaya bai kama ƙafar wannan ba. Kuma abin da ya gano hujja ce a hannunka ta neman ragi, ko ta fasa cinikin.

Ba ko'ina binciken gini ke da amfani ba. In tsohon gida ne da za ka rushe, fili kake saye, kada ka ɓata kuɗi kan bango. Amma takardu ba su da rangwame. Shaidar mallakar gargajiya daban, acte de cession daban, titre foncier daban, kuma rigimar fili ɗaya da masu saye biyu ba baƙuwa ba ce a kotunanmu. A bi ta ofishin notaire, a tabbatar da lambar filin a hukumar da ke riƙe da rajista. In gidan gado ne, a ga yardar dukan magada a rubuce.

Sharaɗi ɗaya ne kan masanin: kada ya zama wanda dillali ya kawo, domin dillali ba ya samun la'ada sai an yi ciniki. Kai za ka zaɓe shi, kai za ka biya shi, ya turo maka hotuna da bayani a rubuce, har da rasit na ƙarshe na NIGELEC da na ruwa, kada ka gaji bashin wani.